Yadda za ka kai mai buƙata ta musamman Gidan Tarihin Birtaniya a Landan ba tare da ya wahala ba

Mahaifina ya zo Landan ganin likita bayan shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Da sauƙi ya samu, abin da ya fara cewa shi ne in kai shi ya ga kayan tarihin da ya daɗe yana karanta labarinsu tun yana koyarwa. Na yi ta kwana-kwana, don a raina ina ganin wurin ya fi ƙarfin mutumin da ba ya iya taku ashirin sai ya zauna. Ranar da ya gaji da uzurina ya ce, "Kai, ƙafata ce ta gaza, idona yana nan." Washegari na fara shiri. Tun daga lokacin na koma gidan da shi, na kuma koma da wani abokina makaho, kuma abin da na koya a waɗannan zuwan shi ne zan shimfiɗa a nan.

Gidan da nake nufi shi ne wanda za ka ga an rubuta British Museum a ƙofarsa, a unguwar Bloomsbury. An kafa shi a 1753, aka buɗe wa jama'a a 1759. Kayan da ke ajiye a cikinsa sun kai kusan miliyan 8, waɗanda aka baje don kallo kuma kusan 80,000 ne, sannan mutane wajen miliyan 6 ke shiga duk shekara. Na kawo waɗannan alƙaluman ne don ka san tun daga gida cewa babu mai gama shi a yini ɗaya, ko da lafiyayyen saurayi ne. Shiga kyauta ce. Ana buɗewa kullum daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, ranar Juma'a kuma har 8:30 na dare.

Fara da tambayar mai ziyarar

Kafin ka taɓa waya ko kwamfuta, zauna da wanda za ka kai ka tambaye shi abu uku: me yake son gani, awa nawa jikinsa zai ɗauka, kuma wane irin taimako yake so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da muke da ƙafa da ido muna da ɗabi'ar yanke wa naƙasasshe hukunci da sunan tausayi, mu zaɓa masa inda zai je da lokacin da zai gaji. Mahaifina bai so a tura shi a keken guragu tun daga gida ba. Ya fi son ya shiga da sandarsa, in ya so a ciki ya hau keken. Da ban tambaya ba da na ɓata masa rai tun kafin mu fita.

A wannan zaman ne za ku zaɓi ɗakuna. Shawarata kada su wuce uku, in jikin ya yi rauni ma biyu sun isa. Ɗakunan gidan suna da lamba, kuma lambar ce za ka riƙe, don ita ce a jikin taswira da alamomin bango. Ɗaki na 4 shi ne na manyan gumakan Masar da Dutsen Rosetta, wani shahararren dutse mai ɗauke da tsohon rubutu. Ɗaki na 25 na Afirka ne. Ɗakuna na 42 da 43 na duniyar Musulunci ne. Busassun gawawwakin Masar suna 62 da 63, Sudan da Nubiya, tsohon yankin da ke tsakanin Masar da Sudan, kuma suna 65. Rubuta lambobin a takarda ka sa a aljihu.

Ka sanar da su kafin ka zo

Mako guda kafin ranar, shiga shafinsu na intanet ka yanki tikiti mai lokaci. Ba a biyan ko sisi, amfaninsa shi ne ya rage maka tsayuwa a layi, kuma layin ƙofar gaba yakan yi tsawo sosai lokacin hutun makarantu. A shafin akwai sashen da aka ware wa masu buƙata ta musamman, da lambar waya da adireshin imel. Rubuta musu a taƙaice: ranar zuwa, lokaci, da abin da kake buƙata. Idan keken guragu ne, suna ba da aro kyauta, amma kekunan ba su da yawa, wanda ya riga ya nema shi ake ajiye wa. Idan da mota za ku zo kuma kuna da shuɗin katin naƙasassu na ajiye mota da ake bayarwa a Birtaniya, akwai 'yan gurabe a harabar gidan, su ma sai an nema tun da wuri an ba da bayanin motar. Baƙon da ya zo daga gida ba shi da wannan kati, don haka ya manta da batun mota, ga kuma kuɗin cunkoso da ake biya a tsakiyar Landan.

A nan nake son in ɗan tsaya, domin a nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Kunya takan hana mu nema. Muna jin kamar roƙo ne, ko kamar muna tallata lalurar iyayenmu ga baƙi. Ba haka abin yake a can ba. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa duk wurin da ke hulɗa da jama'a ya yi gyaran da ya dace don naƙasasshe ya amfana kamar kowa. Ma'aikacin da ka nemi keke a wurinsa aikinsa yake yi, kuma kai haƙƙin mahaifinka kake karɓa. Mu ma a Najeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wanda ya ga yadda irin wannan doka take aiki a aikace zai san abin da ya kamata ya riƙa nema idan ya koma gida.

Idan akwai wani baje koli na musamman da ake biyan kuɗi kuma kuna son shiga, naƙasasshe yana da rangwame, mai raka shi kuma ba ya biya. Faɗi haka lokacin yankan tikitin, kada ka bari sai a bakin ƙofa.

Daren da za ku tafi, sake leƙa shafin. Wani lokaci sukan rufe ɗaki don gyara ko ƙarancin ma'aikata, kuma sukan sanar. Babu daɗi ka turo dattijo tun daga wata unguwa don ɗaki ɗaya ka tarar da shi a rufe. Daga 24 zuwa 26 ga Disamba kuma gidan gaba ɗaya a rufe yake.

Hanyar zuwa ita ce rabin aikin

Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa huɗu ne ke kewaye da gidan: Tottenham Court Road, Holborn, Russell Square da Goodge Street. A taswira duk kusa suke, amma ga mai keken guragu ɗaya ce kawai ta ainihi, wato Tottenham Court Road. Ita ce ke da lifta tun daga inda jirgi ke tsayawa har bakin titi. Holborn matattakala mai tafiya da kanta ce da matakai. Russell Square tana da lifta, sai dai akwai matakai tsakanin liftar da inda ake hawa jirgi, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. A taswirar jiragen akwai alamar keke a kan tashoshin da ba su da matakai: shuɗiya na nufin daga titi har cikin jirgi babu hawa, fara kuma na nufin har bakin jirgi ne kawai, za a iya buƙatar ma'aikaci ya sa maka gadar hawa.

Layin jirgin ƙasa na Elizabeth, wanda aka buɗe a Mayun 2022, shi ya fi sauƙi. Yana tasowa daga filin jirgin sama na Heathrow, ya bi ta Paddington, ya tsaya a Tottenham Court Road, kuma a waɗannan tashoshin bakin jirgin daidai yake da dandamali, keke ya shige kawai. Daga tashar zuwa gidan tarihin tafiyar minti 5 zuwa 10 ce, gwargwadon saurinku da cunkoson titi.

Bas ma hanya ce mai kyau, wani lokacin ta fi jirgi. Kowace jar bas ta Landan tana da gadar hawa a ƙofar tsakiya da gurbin keke ɗaya. Ka tsaya inda direba zai gan ka, ka ɗaga masa hannu, shi zai sauke gadar. A ciki mai keken yana juya baya ne ga gaban mota, ya jingina da allon da aka tanada, a ɗaure birki. Mai keken guragu ba ya biyan kuɗin bas, amma kai mai rakiya za ka biya, kuma ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki ko katin Oyster na biyan kuɗin bas da jirgi a Landan. Idan an riga ku gurbin da wani keken guragun, sai ku jira ta gaba. Baƙar tasi ta Landan ita ma kowacce tana ɗaukar keke, tana da gadarta, kuma ba a ƙara kuɗi saboda keken. Tana da tsada, amma ranar ruwan sama ko ranar da jikin ya yi nauyi, kuɗin ya biya kansa.

Ƙofa biyu ce, zaɓi ta baya

Babbar ƙofa tana kan titin Great Russell, ita ce mai dogayen ginshiƙai da ake gani a hoto. Tana da matakai 12. A kowane gefen matakan akwai ƙaramar lifta da mutum ke sarrafa ta da kansa, don haka keke na iya shiga ta nan. Ta biyun tana bayan ginin, a kan titin Montague Place. Babu mataki a bakinta, daga ciki kuma lifta za ta kai ka tsakar gidan, kuma galibi layinta ya fi gajarta. In da tasi kuka zo, ce wa direba Montague Place tun farko.

Duk da haka, zuwanmu na farko ta gaba muka shiga, domin Baba ya ce yana son ya ga fuskar ginin da idonsa. Na ga dacewar hakan. Mutum bai zo daga Kano don a shigar da shi ta baya ba tare da an tambaye shi ba. Da fita sai muka bi ta Montague Place.

A kowace ƙofa ana binciken jaka. Kada ka zo da akwatin tafiya mai taya, ba a shiga da shi. Idan layi ya yi tsawo kuma wanda kake tare da shi ba zai iya tsayuwa ba, je wurin ma'aikacin da ke bakin layin ka gaya masa kai tsaye. Idan lalurar ba ta bayyana a ido, kamar ciwon zuciya ko sikila ko farfaɗiya, akwai wata koriyar igiya mai hoton furen rana da ake ratayawa a wuya. An fara amfani da ita a filin jirgin sama na Gatwick a 2016, kuma yanzu ma'aikata a wurare da yawa a Birtaniya sun san cewa mai ita yana iya buƙatar haƙuri ko taimako ko da bai ce komai ba.

Tsakar gidan ce sansaninku

Da kun shiga za ku tarar da wani makeken fili mai rufin gilashi, wanda aka buɗe a Disambar 2000. Rufin nan yana da gilasai 3,312. A nan teburin tambaya yake, da wuraren shan shayi, da bandakunan naƙasassu. Kada ku wuce shi da gaggawa. Karɓi taswirar takarda, ka roƙi ma'aikaci ya zana maka da biro inda liftocin suke a kan hanyar ɗakunan da kuka zaɓa. Wannan minti biyun zai cece ku daga yawon rabin awa, domin ginin tsoho ne, an yi ta ƙara masa sassa a zamuna daban-daban, kuma ba kowace lifta ce ke tsayawa a kowane hawa ba. Lissafin hawan ma yana da ruɗani: tsakar gidan ita ce hawa na 0, ɗakin Afirka yana ƙasa a -2, ɗakunan Musulunci da na gawawwakin Masar kuma suna sama a hawa na 3.

A shiga bandaki kafin a fara kallo, ko da ba a ji buƙata ba. Idan mai ziyarar yana tafiya da ƙafarsa amma tsayuwa ke ba shi wahala, nemi kujerar hannu mai naɗewa, suna da su, marasa nauyi. Akwai benci a ɗakuna da dama, sai dai ba lallai ka same shi a gaban abin da kake son kallo ba.

Idan keken guragu ne

Ku fara da ɗaki na 4, don yana daf da tsakar gidan kuma babu hawa. Dutsen Rosetta na cikin akwatin gilashi a tsakiya. An gano shi a Masar a 1799, ya iso wannan gida a 1802, kuma rubutu iri uku da ke jikinsa ne suka buɗe hanyar karanta tsohon rubutun Fir'aunoni. Matsalar ita ce kullum mutane sun yi masa zobe da wayoyinsu a sama, wanda ke zaune kuwa bayan mutane kawai yake gani. Dabarar ita ce ku iso da an buɗe ƙofa, ko ku bari sai yammacin Juma'a. Idan kun tarar da taro, kada ka kutsa da keken. Tsaya a gefe, ka ce a ba ku hanya da murya mai ji, mutane suna matsawa.

Kai mai turawa, ga abin da na koya da wuya. Kada ka tsaya a bayan keken kana magana ta saman kansa. Juya keken ya fuskanci abin, ka ɗaure birki, ka zo gefensa ka durƙusa daidai tsayinsa. Daga nan ne za ka gane ko hasken fitila na dukan gilashin yana hana shi gani, ko bayanin da aka rubuta ya yi masa sama. Kuma kada ka tura sai ya ce a tafi. Zuwanmu na farko na yi ta sauri ina son ya ga komai, muka zaga ɗakuna fiye da goma, ya dawo gida ya kwana biyu bai tashi ba. Laifina ne. Zuwa na biyu ɗaki biyu muka gani cikin awa biyu, da hutun shayi a tsakani, kuma shi ne wanda har yau yake ba da labarinsa.

Ɗakin Afirka ne ya fi riƙe shi. Ana gangarawa ne ta wajen ɗaki na 24, da matakai ko da lifta. A can aka jera allunan tagulla na masarautar Benin, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwasa a 1897. Baba ya daɗe a gabansu bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Shekara shida ke nan kafin su iso Kano." Na ce, "Haka ne, Baba. Ko in matsar da ku gaba?" Ya ce in bar shi tukuna. Ka ba wa mutum irin wannan lokacin, shi ne dalilin zuwan.

Idan makaho ne ko mai raunin gani

Mutane kan yi mamaki in na ce na kai makaho gidan kallo. Abokina ya fi ni cin moriyar ɗaki na 4. Akwai tsarin da ya ba makafi damar taɓa wasu zaɓaɓɓun gumakan Masar na dutse da hannunsu, abin da aka hana sauran jama'a. A teburin tambaya ake neman izini da littafin jagora, wanda ke da rubutun makafi da manyan haruffa da zane mai tudu da yatsa ke bi. A cire zobe da agogo kafin a taɓa. Shi ya gaya mini wane dutse ne ya fi sanyi, da inda mai sassaƙa ya goge har ya yi santsi da inda ya bari da kaushi, abubuwan da idona ya wuce su sau da yawa.

Dutsen Rosetta na ainihi ba ya taɓuwa, amma a ɗaki na 1 akwai kwafinsa a fili, kowa na iya shafa rubutun. Akwai kuma tebura a wasu ɗakuna inda 'yan sa-kai ke miƙa wa baƙi kayan tarihi na gaske su riƙe a hannu, daga misalin ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma. Tambayi waɗanne ne ke aiki a ranar. Karen jagora yana da izinin shiga.

Wajen jagora, ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, ka riƙa gaba da rabin taku. Kada ka ja shi ta hannu ko ta sanda. Faɗa masa kafin mataki, kuma ka ce hawa ne ko sauka. In za ka kwatanta abu, fara da girmansa da abin da aka yi shi da shi, sannan siffa. "Yana da kyau" ba kwatance ba ne. Ga mai raunin gani kuma, ka sani ɗakunan da ke da takardu da yadudduka, irin na Musulunci da aka buɗe a 2018, an rage musu haske da gangan don kada kayan su koɗe. Ku ɗan tsaya a bakin ƙofa ido ya saba, kuma ka nemi bayanin da aka buga da manyan haruffa.

Kurma, da wanda hayaniya ke damu

Gidan yana shirya zagaye da yaren hannu na Birtaniya a wasu ranaku. Amma ka lura, wannan yaren daban yake da wanda ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya, wanda ya samo asali daga na Amurka, kuma daban yake da maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa. Ko harrufa ma da hannu biyu ake yin su a na Birtaniya, a na Amurka da hannu ɗaya. Don haka kurman da ya zo daga gida zai fi dogara da rubutun jikin kayan da kuma kai. Mai na'urar ji a kunne kuma ya duba alamar kunne a teburan tikiti, tana nufin akwai na'urar da ke kai muryar ma'aikaci kai tsaye cikin tasa.

Yaro mai lalurar galahanga, ko dattijon da mantuwa ta kama, tsakar gidan na iya rikita shi, domin rufin gilashin yana amsa kuwwa. Ku guji safiyar ranakun makaranta, lokacin da ake kawo ɗalibai ayari-ayari. Ku yanke wurin haɗuwa ɗaya tun da farko, ka sa takarda mai lambar wayarka a aljihunsa, kuma da ka ga alamar damuwa ku fita harabar waje ya sha iska.

Lokacin fita

Ku tashi tun da sauran ƙarfi, kada ku jira sai an fara rufe ɗakuna 'yan mintuna kafin ƙarfe 5, lokacin da kowa ke rububin lifta ɗaya. A hunturu rana na faɗuwa a Landan wajen ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna, don haka sa wannan a lissafinka tun wajen zaɓen lokacin tikiti. Idan keken aro ne, mai da shi ƙofar da ka karɓa, amma sai ka tabbatar tasi ta tsaya ko kun san tashar bas ɗin da za ku, domin tazarar da ke tsakanin inda aka ajiye keke da ƙofar mota ita ce ta fi wahalar da gajiyayyen mutum. Ni nakan bar Baba zaune a cikin keken daga ciki, in fita titi in tsayar da tasi, in gaya wa direba akwai dattijo mai sanda, sannan in dawo in ɗauko shi.